Shekarar da Na Zama Tafintan Innarku

Ƴaƴana, akwai wata magana da ke yawo a tsakaninku wadda babu wanda ya taɓa faɗa mini ita ido da ido, amma ta iso ni. Wai Innarku ce ta hana a kai ni Yamai neman magani shekarar da ɓarin jikina ya mutu, don ba ta son rabuwa da gidanta da awakinta, kuma wai da ta bari an tafi da ni, da hannun nan nawa na dama ya tashi. Ba haka aka yi ba. Tunda ina nan da raina da hankalina, gara ku ji yadda abin ya gudana daga bakina. Da hannun hagu nake wannan rubutu, in kun ga baƙaƙen sun karkace kamar na ɗan ajin farko, ku yi haƙuri.

Kun san ni mutum ne mai baki. Da shi na ci abinci tun ina saurayi. Na koyar a lakwal, wato makarantar boko, ta Hawandawaki, aka maida ni garin Sarkin Hausa can ƙasar Mayahi, daga baya na zo Urafane na yi direkta. A nan na gina gida, a nan kuma na ajiye alli. Bayan na yi retret, wato ritaya, ma bakin bai huta ba. In baƙi suka zo meri, ofishin magajin gari, da Faransanci, ni ake aikowa a kira in juya wa jama'a. In ana taron iyayen yara, ni ne. In gardama ta kaure a fadarmu, majalisar hirarmu ta gindin itacen bedi, ko kan saukar ruwa ko kan wane ɗan kokawa ya fi wane, ni ke da ta ƙarshe, ko da kuwa ban fi kowa gaskiya ba. Innarku takan ce ko barci nake yi ina gyara wa wani magana.

Shekara ta biyu da barina aiki, bayan girbi, ina tsaye bakin rumbu ana jefa damman hatsi. Na buɗe baki in ce wa wanda ke sama ya jera su ta gefen gabas, sai na ji wani abu ya fito daga bakina wanda ba magana ba. Na sake gwadawa, haka. Ƙasa ta karkata, na bi ta. A amalanke aka kai ni likita wajen Majo Haladu, babban ma'aikacin jinya na garinmu. Shi ya auna ya ce tansiyo ce, wato hawan jini, ta buge ni, ya sa aka wuce da ni Tasawa, daga can Maraɗi. Abin da na riƙe na kwanakin asibiti kaɗan ne: farin bango, warin magani, da Innarku zaune a ƙasa kan tabarma tana jan tasbaha. Da aka sallame ni na dawo gida da ƙafar da nake ja, da hannun da ya rataye kamar ba nawa ba, da baki a karkace.

Ƙafa da hannu ba su dame ni kamar harshe ba. Maganar tana nan cikin kaina cikakkiya, Hausa da Faransanci duka, amma in ta zo fita sai harshen ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse. Wata rana wani tsohon ɗalibina, wanda a lokacin ya zama babban ma'aikaci a Tasawa, ya zo duba ni. Na so in ce masa na gode, Allah ya yi albarka. Na yi ta kokawa da kalmar har yawu ya zubo mini a riga, shi kuma ya kawar da kai yana kallon bango don kar ya kunyata ni. Yaron da na koya wa riƙon alƙalami ke nan. Tun daga ranar na rufe bakina. In ina son ruwa in nuna randa, in an gaishe ni in ɗaga hannun hagu. Na sa aka saki labulen ɗakina, masu zuwa dubiya a ce musu ina barci. Haka na ƙare sanyin shekarar nan a ɗaki.

Innarku ba ta yi lakwal ba, kun sani. Gyaɗa ce sana'arta, mai da ƙuli-ƙuli. Majo ya gaya mata harshe kamar ƙafa yake, in ba a motsa shi ba sai ya sandare, dole a sa ni magana kullum. Ta gwada duk abin da ta sani. Ta tambaye ni abin da za a dafa, in ɗaga kafaɗa. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, har ta taɓa yin kuka a bayan ɗaki tana zaton ban ji ba. A cikin haka yayanku Lawali ya aiko da babbar waya daga Yamai, irin ta shafawa, don mu riƙa ganin fuskarsa in ya kira. Rezo kuwa, wato sabis ɗin waya, a Urafane sai an yi sa'a. Majo ne ya karɓi wayar ranar da zai je Tasawa, ya dawo da ita cike da bidiyo da ya sauko da su daga intanet. Ba fim ba ne, ba wa'azi ba ne kuma. Jawabai ne, irin waɗanda mutum ɗaya zai hau dandamali gaban jama'a a babban ɗakin taro, ya ba da labarin abin da ya same shi da abin da ya koya, ya sauka.

"Mushe, ga abin kallo na kawo maka," in ji Majo, don haka ake kiran malamin lakwal a nan, monsieur ne aka Hausance. "Mutane ne da duniya ta kayar, sunka tashi. Yawancinsu da Faransanci ne, kai za ka ji daɗinsu."

Na ture wayar gefe. Ba na son a lallashe ni da wahalar wasu. Majo ya miƙa wa Innarku ita, ya nuna mata inda ake taɓawa ta tafi da inda ake taɓawa ta tsaya, ya fita.

Washegari da hantsi na ji ta jawo tabarma ta shimfiɗa daidai ƙofar ɗakina, ta ɗage labulen wai iska ya shiga. Ta zube gyaɗa tana ɓara, ta jingina wayar jikin ƙwarya, ta ƙure murya. Daga inda nake kwance ina hango rabin gilashin. Wata mata ce kakkaura, da ɗaurin ɗankwali irin na mutanen bakin teku, tana tsaye da sandar guragu a hammata ɗaya. Faransancinta mai daɗi ne, na kasuwa, ba na littafi ba. Ta faɗi wani abu jama'a suka kwashe da dariya, Innarku ma ta kwashe da dariya, alhali ko kalma ɗaya ba ta ji ba. Sai ta fara juya maganar da ƙarfi, kamar tana gaya wa kajin tsakar gida.

"Ayya, baiwar Allah. Wai mijinta ya jehe ta da taɓarya don ta ƙona mashi miya. Shi ne ƙahwar ta karye."

Matar ta ci gaba da jawabinta.

"Iye! Wai kuma uwar mijin ta kwashe mata tukwane ta kai kasuwa. Kai, mutanen teku ba su da tausai."

Matar nan cewa take yi motar da ke kai su kasuwa da kifi ce ta kife da su, aka yanke mata ƙafa, kuma mijin da Innarku ke tsine wa shi ne ya goya ta a bayansa ya hau da ita benen asibiti. Duk tsawon aikina ban taɓa barin ɗalibi ya juya jimla a karkace na wuce ba. Jinina ya tafasa. Ban san lokacin da na dafa gado na ɗago ba.

"Ba... ha... ka... ba!"

Ta taɓa wayar da yatsa ta tsaya. Ba ta yi salati ba, ba ta yi guɗa ba, ko juyowa ba ta yi ba. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta kamar kullum muke wannan hira.

"To mi ta ce?"

"Mo... mota."

"Mota ta yi mi?"

"Ki... ki... kife."

"Ashsha. To mijin hwa?"

Ranar ba mu wuce farkon jawabin ba, na jiƙe da gumi kamar wanda ya dawo daga noma, amma sai da na wanke mijin matar nan daga zargi. Har yau in na tambayi Innarku ko da gangan ta yi, sai ta ce, "Ni da ban jin Faransanci, mi kake so in yi? Abin da na gani na hwaɗi." Ku dai ku yanke hukunci da kanku.

Haka muka kama aiki. Kowace hantsi ta shimfiɗa tabarmarta, ta saki jimla ɗaya, ta tsayar, ta jira ni. Gilashin wayar duk ya yi tabon man gyaɗa. Ranar da na yi taurin kai na ƙi, sai ta fara nata tafinta, ta aurar da wanda bai yi aure ba, ta kashe wanda ke da rai, dole in sallama. Mun daɗe kafin mu kai ƙarshen mai kifin nan. Abin da ya zauna mini a cikin maganarta shi ne inda ta ce ta ɓata lokaci mai tsawo a gida tana jiran matar da take a da ta dawo, mai ɗaukar kwandon kifi a ka tana gudu. Da ta gane waccan ba za ta dawo ba, sai ta sa aka ƙera mata kujera, ta koma kasuwa ta zauna a bakin ƙofa, masu saye suka riƙa zuwa wurinta. Da na gama juya wannan wurin, Innarku ta ajiye wayar. Ta ɗauki faifai ta shiga sheƙar gyaɗa.

Na biyun da muka yi wani Bature ne siriri mai i'ina. Da ya hau dandamali ya maƙale a kan sunansa har ɗakin taron ya yi tsit, ana jin tarin mutane. Da sunan ya fita sai ya yi murmushi ya roƙe su abu ɗaya, kada kowa ya ƙarasa masa magana ko a zuci. Ya ce i'inar ya saba da ita tun yana yaro, gaggawar mutane ce ke gajiyar da shi. Wannan ya fi kowa sauƙin juyawa, domin tafiyarmu ɗaya da shi. A lokacin Innarku na da wata ɗabi'a, in ta ga ina wahala da kalma sai ta cafe ta ta ƙarasa mini don tausayi. Da ta ji abin da mutumin ya ce, sai ta ajiye gyaɗar hannunta.

"Ashe ni ma haka nike yi maka?"

Na gyaɗa kai.

"To mi ya hana ka hwaɗi?"

Na dube ta, ta dube ni, muka fashe da dariya. Ita ce dariyata ta farko tun bakin rumbu, a karkace ta fito, amma ta fito. Daga ranar ko zan kai azahar a kan kalma ɗaya sai ta jira ni.

Akwai kuma wata tsohuwar likita daga ƙetaren iyaka da ta yi nata jawabin da Hausa, kan tansiyo da gishiri da dunƙulen miya. Wannan ba ya buƙatar tafinta, kuma shi kaɗai na yi nadamar barin Innarku ta gani, domin tun daga ranar miyar gidan nan ta zama kamar ruwan wanke kwano. Ba duka ne masu kyau ba. Majo ya haɗo da wasu samari masu kwat da ke zagaye dandamali suna ihu, suna cewa duk wanda ke tashi da asuba ya ƙudura a ransa zai yi arziki. Na juya wa Innarku kaɗan daga ciki, ta ce, "Wanga ya zo ya ga matan garin nan, tun kiran sallah suna bakin rijiya." Ta goge su da kanta. Don haka in kuna neman abin kallo a wayoyinku, ku nemi irin na farkon nan. Ba zan rubuta sunayensu ba, sunayen baƙi ne, hannun hagu zai ɓata su, in kun zo gida na tura muku. Ni dai yadda nake ganewa, mai maganar kirki ba ya gaggawa, yana faɗin inda ya kasa, kuma in ya sauka za ka ji kana son ka tashi ka yi wani ɗan abu a cikin gidanka.

Wanda ya fitar da ni daga ɗaki shi ne abokina Bello, Bafillace mai shanu da ke rugar arewa da gari, wanda muke tare tun zuwana Urafane. Duk ranar kasuwa yakan biyo, a ce masa ina barci, ya ajiye ƙwaryar nono ya tafi. Wata ranar kasuwa ya yi sallama ya same mu a tsakiyar aiki, babu halin ƙarya. Ya jingina sandarsa ya tsuguna. Ranar wani tsohon manomi muke yi, daga wata ƙasa mai yashi irin tamu. Da yarensu yake magana, fassarar Faransanci tana bi a rubuce a ƙasa, ni kuma ina karantawa ina juyawa. Labarin gonarsa yake bayarwa, yadda ta mutu, da yadda ya daina sare tsiron itace in yana sassabe, yana barinsu yana gyara musu reshe, maƙwabta suna ce masa mahaukaci, har gonar ta dawo. Bello ya saurara har ƙarshe bai motsa ba. Kasuwa ta gaba sai ga shi da saƙo.

"Mushe, mutanen bedi sun ce a kawo masu nasu rabon. Na ba su labarin tsohon ga, sun ce ƙarya nike."

"Ba... zan... iya ba."

"Don mi?"

Na nuna bakina.

"Mu ba mu da sauri, Mushe. Wa ke jiranmu? Ni da nike wuni bayan saniya tana tauna, kai ne ba zan iya jira ba?"

Bayan la'asar ya ɗauki kujerata a ka, Innarku ta sa mini tsumma mai tsabta a aljihu saboda yawu, na ja ƙafa muka fita. Tsakanin gidan nan da gindin bedi ba nisa, amma ranar na ji kamar zuwa Tasawa a ƙasa. Da na isa suka gaishe ni kamar jiya muka rabu, daga baya na ji Bello ne ya gargaɗe su kada wanda ya yi mini sannu fiye da sau ɗaya. Aka jingina wayar jikin butar shayi. Jimlar farko ta ƙi fita. Na kalli ƙasa. Ba wanda ya yi tari. Da ta fita, ta biyu ta biyo ta da ɗan sauƙi. Kafin mu kai rabi, tsofaffin nan sun manta da bakina gaba ɗaya, sun koma gardama da manomin da ke cikin waya. Wani ya ce itace tsuntsaye yake tarawa su cinye hatsi, wani ya ce ai kowa ya san hatsin gindin gawo ya fi cika. Sai suka juyo gare ni.

"Mushe, maida shi baya. Mi ya ce game da tsuntsaye?"

Tun daga ranar ya zama al'ada. Majo in ya je Tasawa ya sauko da sababbi, ni da Innarku mu bi su da hantsi in ga wuraren da za su ba ni wuya, da la'asar in kai wa fada. Matan unguwa kuma suna karɓar nasu daga bakin Innarku, Allah kaɗai ya san abin da take ƙarawa.

Ana cikin zafin bazara Lawali ya iso da mota daga Yamai. Ya shirya komi. Ya samo kine, wato masu motsa gaɓoɓin da suka mutu, ya gyara mana ɗaki a gidansa har da fanka, ya ce zama ne na dindindin. Ƙanwarsa Zuwaira ta zo daga Mayahi don ta taya shi roƙo. To ku buɗe kunne a nan. Innarku tun da ta ji zai zo ta ɗaure kayanta. Awakin da kuke cewa ta kasa rabuwa da su, ta riga ta kora su gidan ƙanwarta. Kwana ɗaya kafin isowarsa ta same ni ina cin abincin rana ta zauna.

"Mushe, mu tahi. In hannun ga na da rabon tashi, kar a ce mu munka hana."

Na aika aka kira Majo, na ce ya gaya mini gaskiya. Ya ce in aka dage da kine wataƙila hannun ya dawo da wani abu, wataƙila kuma a'a, amma in an daɗe ba a yi ba ƙofar rufewa take. Bai ɓoye mini komi ba. Na yi ta juya abin a raina. Na san gidan Lawali. Shi da matarsa su fita aiki da safe, yara su tafi lakwal, a bar ni da fanka da talabijin a unguwar da ba wanda ya san na taɓa riƙe alli. A can ni majinyaci ne, kowa zai yi mini magana a hankali ya ƙarasa mini kalma. A nan kuwa akwai mutanen da in la'asar ta yi ban fito ba sai su aiko a ga ko lafiya. Na tsorata ƙwarai in je neman hannu in dawo babu baki. Kafin a shigo da Lawali ɗakina na ce wa Innarku duk abin da zan faɗa kada ta sa baki, nawa ne.

Ya durƙusa ya gaishe ni, ya jera mini shirinsa. Na bar shi ya gama.

"Allah ya yi maka albarka," na ce. Na daɗe kafin in kai ƙarshenta. "Amma... ba zan je ba."

"Papa, ban gane ba."

Na yi masa bayani iyakar yadda harshena ya iya. Na gaya masa batun fada, da tsohon manomi, da wani jawabi da muka fara ba mu gama ba. Ina gani fuskarsa tana canzawa.

"Saboda bidiyo? Papa, c'est pas sérieux, wasa kake. Hannunka ne hwa! Ko a Yamai akwai waya, rezon ma ya fi."

"Waya akwai. Masu... saurare ne babu."

Zuwaira ta sa kuka. Lawali ya juya wajen Innarku da ke zaune bakin ƙofa.

"Inna, ki yi mashi magana mana."

Ta sunkuyar da kai ba ta ce uffan ba. Kun san ba ta iya doguwar magana da ɗan fari, ko sunansa ba ta kamawa, ga kuma alkawarin da na ɗaure ta da shi. Wannan shirun ne kuka ɗauka a matsayin hannunta a ciki. Kayanta na ɗaure a bayan ƙofar da take zaune, ba wanda ya leƙa ya gani.

Lawali bai tsaya cin tuwo ba. Ya yi mana sallama da ladabi, don ba a taɓa samunsa da rashin kunya ba, ya ja motarsa. Babbar sallar shekarar ba mu gan shi ba. In ya kira, gaisuwa ce gajera, lafiya lau, sai an jima. Innarku ta sha wannan fiye da ni, ta rame har zanenta ya nuna, amma ba ta taɓa cewa ga abin da ka jawo ba. Hannun kuwa, duk da motsin da Majo ya koya mana muna yi safe da yamma, sai ya lanƙwashe ya tsaya a haka. Ba na riƙe hauya, ba na ɗaure mazagin wandona, alwala ma sai an zuba mini. Wani lokaci in na ga sa'o'ina suna saƙar igiya a gindin bedi nakan tambayi kaina ko da na je da yanzu ina yi. Ban sani ba, kuma ba wanda ya sani. Abin da na sani shi ne ina cin tuwona, ina sallata a masallaci, ina gardama, kuma in an ce yau in sake zaɓa, abin da na zaɓa zan zaɓa.

Bayan damina biyu matar Lawali ta zo haihuwa gidan iyayenta a Tasawa. Da aka yi suna sai ya biyo Urafane, bai sanar ba. Ya iso bayan la'asar, ya tarar ba na gida, aka nuna masa gindin bedi. Ni ban ga zuwansa ba. Ranar wani makaho muke yi, malamin lakwal ne shi ma, yana ba da labarin yadda ya koma aji bayan idonsa ya tafi. Jama'a sun fi na da yawa, har da masu kabu-kabu da suka kashe motocinsu suka tsaya. Sai mutumin ya faɗi wata kalma ta Faransanci da na sani sarai, amma Hausarta ta ɓace mini. Na ɗaga kai ina lalube, sai idona ya faɗa kan Lawali a can baya, tsaye, da makullin mota a hannu. Ban san tun yaushe yake nan ba.

"Lawali," na ce, "résilience... mi za mu ce mata da Hausa?"

Kowa ya waiwaya.

"Juriya, Papa."

"Juriya ta yi kaɗan," in ji Bello daga kan buzunsa, shi da bai san ko harafi ɗaya na Faransanci ba. "In dai abin da makahon ga ya yi ne, ya wuce juriya. Jaki ma na da juriya."

Aka kwashe da dariya, gardama ta kaure. Wani ya ce dauriya, wani ya ce farfaɗowa, wani ya ce a bar ta da Faransancinta. Ana cikin haka wani tsoho ya matsa ya buɗe wa Lawali wuri a kan tabarma kusa da kujerata. Ya cire takalmi ya zauna. Da aka saki jimla ta gaba na taɓa kafaɗarsa na ce ya ɗauka, na gaji. Ya ɗauka. Hausarsa ta sha ruwan Yamai, tsofaffi suna gyara masa, yana dariya yana karɓa. Haka muka yi ta yi, ni ɗaya shi ɗaya, har aka kira magariba.

A hanyar gida shi ya ɗauko kujerar. Ya daidaita tafiyarsa da tawa, ba mu yi maganar Yamai ba, ba mu yi maganar hannu ba. Innarku ta kawo tuwo ta ajiye tsakaninmu ba ta dube shi ba, amma na lura miyar ranar an sa mata gishiri. Ya ce mini da asuba zai kama hanya, aiki na jiransa. Da gari ya waye na fito na ga motar tana nan inda ya bar ta, shi kuma yana zaune kan turmi yana goge gilashin wayar da bakin rigarsa.

"Papa, yau wanne za mu yi?"

Motar nan ba ta bar ƙofar gidanmu ba sai da kasuwar Urafane ta ci ta watse.